Mai Gadin da Ya Saki Ɓarawo

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, samari. Na ga bidiyon. Sau uku kuka nuna mini shi tun shigowarku: mutum ya tashi sama, ya juya, ya doki ƙarti biyar da ƙafa ɗaya, ya sauko ko hularsa ba ta karkace ba. Kai mai jar riga, ka ce sati biyu gare ka kafin a koma makaranta, a cikinsu kake so ka iya wannan. To ni shekara talatin da 'yan kai ina koyar da judo a garin Suleja, kuma har yau ban taɓa tashi sama ba sai in wani ne ya ɗaga ni. Ku cire takalma ku zauna a bakin tamfol ɗin nan. Kai, har safar. Bari in gaya muku abin da ake koya a ɗakin nan, in kun ji kuna so, sai mu fara.

Ranar da na fara koyo, a filin da ke bayan gidan Saje Bulus ne a unguwar Magajiya. Tsohon soja ne, mutumin Filato, gajere mai ƙaton wuya, a bariki ya koyo abin. Ni kuma lokacin dako nake yi a kasuwa, wani mai tura baro ya zane ni a gaban mutane, na zo da zafina a koya mini yadda zan rama. Saje ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Faɗi ƙasa." Na ce, "Wa zai kayar da ni?" Ya ce, "Kai." Na saki jiki na faɗi, ƙeyata ta bugu, sai da na ga wuta a idona. Ya ce, "Tashi. Sake." Wata tara ina wannan. Ta baya, ta gefe, ta gaba, haɓa a manne da ƙirji, hannu ya riga jiki dukan ƙasa. Ko rigar mutum bai bar ni na kama ba. A gida ma in na samu sarari sai in shimfiɗa buhu a tsakar gida in yi ta yi, har Inna ta leƙo ta ga ɗanta yana faɗuwa shi kaɗai, ya tashi ya karkaɗe jiki ya sake faɗuwa. Baiwar Allah, daga ranar sai na ga kullum da safe ana ajiye mini kwanon rubutu. Mai tura baron nan kuwa, kafin in iya kayar da mutum ya koma garinsu, har yau ban rama ba.

Abu na biyu da Saje ya koya mini shi ne ya kusa rufe ɗakin nan, don haka ku buɗe kunne. A judo akwai shaƙa, akwai murɗe hannu. In aka shaƙe ka da kyau, ba numfashi ake tarewa ba, jijiyoyin gefen wuya ne, kafin ka gama karanta Fatiha ka tafi. Ba za ka iya cewa a sake ka ba, don muryar ma babu. Shi ya sa aka yi doka: wanda aka riƙe, in ya ji ya isa, sai ya bugi ƙasa ko jikin mai riƙon sau biyu. Fam, fam. Mai riƙon kuma ya saki nan take, ya miƙe, ya gyara riga, ya ɗan rusuna. Mu nan kai kawai muke ɗan sunkuyarwa, ba ma kaiwa ruku'u, tun da wani malami ya taɓa zuwa ya yi mana wa'azi a kai. Saje da silifas yake tsayawa a kanmu. In aka buga ka ƙara ko ƙiftawar ido, sai ka ji shi a kunne. Yakan ce, "Ba kai za ka saki ba, hannunka ne zai saki. In ka tsaya tunani, ka kashe ɗan mutane." Haka aka ɗura mini shi, haka na ɗura wa duk wanda ya taka tamfol ɗina, da silifas ɗin da komai.

Shi wannan tamfol da kuke zaune a kai, kada ku raina shi. Ƙarƙashinsa buhuna ne cike da dusar katako, ni nake zuwa 'yan katako in kwaso, in tankaɗe da rariya saboda ƙusa. Da farko ƙaiƙayin shinkafa na gwada, sai ɓeraye suka mayar da wurin gidan biki, mutum ya faɗi ta nan su fito ta can. Dusar kuma duk damina sai ta dunƙule, sai an farke buhu an shanya an sake ɗinkewa. Rigar da za ku sa, yadi ne mai kauri irin na rufin mota, don a ja a finciko ba ta yage ba. Telan farko da na kai wa, na yi masa bayani har da zane, na dawo na tarar ya yi wa wuyan aiki da zare mai ruwan gwal, ya sa aljihu uku, wai ya ga rigar ta yi tsirara da yawa. Na sa ta haka nan shekara biyu, don yadin ba a samunsa da sauƙi. Ɗamara kuwa, baƙa ce ko fara, aikinta ɗaya, ta riƙe rigar kada ta buɗe.

Akwai wani ma'aikaci da ya zo mini, kullum da sassafe yake shiga mota zuwa Abuja, sai yamma liƙis ya dawo, zama a mota, zama a ofis, tumbi yana riga shi shiga ɗaki. Cewa ya yi in koya masa yadda zai ƙwace wuƙa daga hannun ɗan fashi. Na ce ya sunkuya ya ɗaure takalminsa tukuna. Ya yi nishi, ya dafa bango, ya ce yau bai shirya ba. Bayan wata shida mutumin nan bai ƙwace wuƙar kowa ba, amma yana tasowa daga sujada ba tare da ya dafa kafaɗar na kusa da shi ba, matarsa har kaji biyu ta aiko mini. Wata mai tuwo-tuwo a Gauraka ta zame a kan ruwan wanke-wanke da tukunyar miya a ka, ta dunƙule ta mirgina ta miƙe tsaye, miyar ce kawai ta tafi. 'Yan acaba kuwa ba a magana. Ɗaya ya zo ya nuna mini babur ɗinsa a lanƙwashe, shi ko gwiwa bai goge ba, yana ta murna kamar an yi masa haihuwa. Waɗanda ƙasa za ta doka sun fi waɗanda ɗan fashi zai tare yawa, nesa ba kusa ba. In kuma mai wuƙar ya tare ka, abin da nake koyarwa shi ne ka miƙa masa wayar, in ka ga hanya ka zura da gudu, gudun ma sai mai numfashi. Na ga kun ɓata fuska. Ku ɓata.

Yanzu sai Yohanna. Mutumin kudancin Kaduna ne, mai gadi a wata filaza a Diko, inda ake sayar da waya da taya da kayan masarufi. A bayan filazar 'yan kasuwar suka ba shi ɗaki ciki da falo, shi da matarsa Maman Rahila da 'ya'ya huɗu. Ƙato ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar nan, amma muryarsa sai ka matso kake ji, in ba a coci ba, don yana cikin mawaƙa. Shekara bakwai yana zuwa wurina, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya sai ka gan shi. Ban taɓa koyar da mai hannu irin nasa ba. Silifas ɗina sau ɗaya tak ya taɓa kunnensa, a satin farko.

Wata rana da azahar, filaza cike, wani siririn mutum ya fizgi waya daga kan teburin wani shago ya nufi ƙofa. Yohanna na tsaye a ƙofar. Waɗanda suka gani sun ce ba su taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Ya kama kwalarsa, ya juya ƙugu, ɓarawo ya zagaya sama ya sauka a siminti, kafin ya san inda yake hannun Yohanna na wuyansa. Kasuwa ta ɗauki ihu. Mata na guɗa, wani har ya tafi neman igiya. Shi kuma ɓarawo da ya ji wuya ya shiga fafutuka, tafin hannunsa ya doki siminti. Fam, fam. Yohanna ya saki. Ya miƙe, ya gyara rigar gadi, ya haɗa ƙafa, ya rusuna. Ɓarawon ya tashi zaune yana dubansa, ya rasa me ke faruwa, sai shi ma ya rusuna. Sannan ya ɗauki wayar daga ƙasa, ya ratsa tsakiyar mutanen da suka saki baki, ya tsallaka titi, ya ɗafe bayan wata tirela mai tafiya Kaduna. An ce har hannu ya ɗaga musu.

Kafin la'asar labari ya riga ni isa gida. Kafin sati, babu wanda bai sani ba a Suleja cewa in ɗalibin Masta Haruna ya kama ka, ka bugi ƙasa sau biyu, zai sake ka har ya gaishe ka. Wallahi abin dariya ne in ba a kanka yake ba. Wani ɗalibina ya kai 'yarsa allura, ya riƙe ta da kyau, yarinya ta bubbuga benci, ya saki, sai a bakin titi aka kamo ta. Wani ɗan kamasho mai zuwa wurina, 'yan sane na tasha suka daina gudunsa, in ya damƙe su sai su bugi jikin mota su wuce abinsu. Ni kaina ban tsira ba. Na ɗauki kankana a kasuwa ina jin nauyinta, wani ɗan iska ya bugi teburi a bayana, na sake ta ta tarwatse a kan ƙafata. Daga ranar, in na ratsa layin 'yan tumatir sai ka ji teburori sun ɗauka kamar ana kiɗan biki. Sai kuma Sallar layya ta zo. Alhaji Sabo, ciyaman ɗin 'yan kasuwar filazar, ya ce ai ga ƙato a gida, a kira Yohanna ya danne masa rago. Rago ya shure ƙasa sau biyu. Wuƙa na hannun malam, rago na tsakiyar titi ya nufi Abuja, Yohanna na tsaye ya rusuna wa igiya.

Wannan ita ce mummunar shekarata. Ɗalibai suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Masu gadin da ake turo mini daga shaguna aka hana su zuwa. Wani sabon malami ya buɗe wuri a can gefen gari, ya rubuta a allo cewa shi ba a saki a wurinsa, matasa suka kwashe can. Sai ya zamana ni da Yohanna kaɗai muke zuwa, da wata kaza da ta samu inda tamfol ya yage a kusurwa ta shiga yin ƙwai. Ban kore ta ba, don ita dai tana zuwa a kan lokaci.

Maganar waya 'yan kasuwa sun yi haƙuri, gargaɗi kawai aka yi masa. Ragon ne Alhaji Sabo ya kasa mantawa. Ya tara kwamiti, aka kira ni, aka ba ni benci a rana.

Alhaji ya ce, "Masta, mu mai gadi muka ɗauka, ba mai yi wa ɓarayi rakiya ba. Mutum ya kama ɓarawo ya sake shi, har da gaisuwa?"

Na fara bayanin jijiyar wuya, ya ɗaga mini hannu.

"Sati uku muka ba shi. Ranar Asabar ta uku zai riƙe mutum a gabanmu, mutumin ya yi ta bugun ƙasa, ni zan ƙirga ashirin. In ya saki kafin ashirin, ya ajiye mana tocila da usur, ya kwashe kayansa daga ɗakinmu."

Yohanna na tsaye kansa a ƙasa. Washegari da safe Maman Rahila ta zo har nan da goyo a bayanta, ko takalmi ba ta cire ba ta tako mini tamfol. Ta ce, "Baba Masta, lafiya lau na auri mijina yana riƙe abu. Yanzu ko bokiti ya ɗauka yara suka bugi ƙofa, ruwa ya zube. Kai ka sa masa abin nan, kai za ka cire masa. In aka kore mu, nan za mu tare, da ni da yara da kazarka."

Abin da ka ɗura wa mutum shekara bakwai, a ce ka cire a sati uku! Na sa wa buhun dusa riga, na ce wannan ne ɓarawo. Yohanna ya shaƙe buhu, na bugi tamfol, ya saki ya rusuna wa buhu. Na toshe masa kunne da auduga, ya ce yana ji a gwiwarsa. Na ɗaure masa ido, bai hana komai ba. Na ɗauko mai kalangu, wai in kiɗa ya yi yawa bugun zai ɓace a ciki. Allah Sarki, ƙaton nan ya kama, ya saki, ya kama, ya saki, yana bin kiɗan, har mai kalangun ya ajiye ya ce shi tun da yake bai taɓa yi wa irin wannan rawar kiɗa ba. Na koma na ɗauko silifas, wannan karon in ya saki nake duka. Ina dukansa ina jin kamar Saje Bulus daga kabarinsa yana hararata. A sati na uku shi da kansa ya samo dabara. Ya rufe ido, auduga a kunne, ya ɓarke da wata waƙar coci da yarensu, da ƙarfi har kaza ta bar ƙwai. In yana waƙar, hannun yakan manta da ni. Muka kai buhu ashirin, muka kai shi talatin. Da mutum ne dai ba mu gwada ba, don babu wanda ya rage, ni kuma ni ke bugu ni ke ƙirga.

Ranar Asabar na ɗora tamfol a keke mai ƙafa uku muka tafi Diko. An rufe rabin shaguna, mutane har kan rufin motoci, mai rake da mai fiya-wata sai ciniki suke. Maman Rahila ta jera yaranta huɗu a gaba cikin kayan coci. Na fito da buhuna mai riga.

Alhaji Sabo ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Ɓarawo ne, Alhaji."

Ya ce, "Buhu ya taɓa satar waya? Mutum muke so."

Aka dubi jama'a, kowa ya shiga duban takalminsa. Sai wani Ibo mai sayar da taya ya ɗaga murya, "Oga Ciyaman, ga Masta nan, shi ya san kan abin, shi ya zama ɓarawo!" Wuri ya ɗauka da na'am.

Ban ji tsoro ba, don na san yadda ake manne haɓa a tsare wuya, na ce ashirin ai ba komai ba ne. Abu biyu na manta. Na farko, ni na koya wa Yohanna yadda ake zura hannu ƙarƙashin haɓar da aka manne. Na biyu, ban taɓa jin Alhaji Sabo yana ƙirga ba. Ni da kaina na cusa wa Yohanna auduga, kafin in toshe kunne na biyun na raɗa masa, "Zan buga, na ƙarya ne. Kada ka saki. Ka tuna ɗaki."

Na zauna a tamfol, ya zauna a bayana, hannu ya shigo, ya rufe ido ya ɗauki waƙa. Na bugi tamfol, fam, fam, har da salo don jama'a su gani. Bai saki ba. Wuri ya ɗauki tafi, ni ma a raina na ce madalla. Alhaji ya ce, "Ɗaya." Ya gyara babbar riga. "Biyu." Ya hango wani abokinsa. "A'a, Alhaji, kai ne a nan? Ya iyali? Ya gajiyar jiya? Ku ba shi kujera mana. Uku." Hannun Yohanna ya fara samun hanya. A bakwai wayar Alhaji ta yi ƙara, ya ɗauka ya ce yana cikin mitin, ya kashe, ya dubi sakatare ya ce, "Nawa muke?" Sakatare ya ce shida, wani ya ce tara, aka fara musu. Alhaji ya ce don a yi adalci a sake daga farko.

A nan ne gefen idona ya fara duhu. Waƙar ta koma kamar daga cikin rijiya ake yin ta. Harshena ya yi nauyi, ƙafafuna na daina jin su. Na ɗaga hannu na bugi tamfol da gaske, irin bugun da sama da shekara talatin duk lokacin da na yi shi ake sakina. Fam, fam. Jama'a suka sake tafi, wai Masta ya iya wasan ɓarawo. Samari, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Sai a lokacin na gane cewa bugun ƙarya da na gaskiya ƙararsu ɗaya ce. Mutum ɗaya ne a duk Diko zai iya ceto na, shi kuma ni na toshe masa kunne, ni na doke shi da silifas har ya koyi ƙyale ni. Na sake bugawa, hannun ko ƙarfi babu. Can nesa na ji Alhaji yana cewa goma.

Sai wuyana ya buɗe. Iska ta shigo, haske ya dawo, na mirgina ina tari. Da na ɗaga kai, Yohanna na tsaye, ya haɗa ƙafa, ya rusuna, auduga ta leƙo ta kunnuwansa biyu. Alhaji Sabo ya ce, "Sha ɗaya. Kowa shaida ne." Maman Rahila ta ɗora hannu a ka.

Ga inda na yi abin kunya. Da na miƙe a lokacin na ce, jama'a, na ƙarshen nan da gaske na buga, mutumin nan raina ya ceta, wataƙila da Alhaji ya sassauta, don ba mugu ba ne, ragonsa ne ke ci masa rai. Amma Masta guda, a gaban kasuwa, ya ce ɗalibinsa ya kusa sumar da shi? Girman kai ya hana ni. Sai ma na daka wa Yohanna tsawa da shaƙaƙƙiyar murya, "Saura tara ka saki! Ban ce maka na ƙarya ne ba?"

Ya zare audugar a hankali ya ce, "Ka ce, Masta. Na farkon na daure. Amma ina waƙar ina tambayar kaina, in Masta ya yi na gaskiya, da me zan gane? Na duba ban ga da me ba."

Ya je ya ajiye tocila da usur a gaban Alhaji, ya sake rusunawa.

Ba su tare a nan ba, duk da alkawarin Maman Rahila. Suka samu ɗaki ɗaya a Gauraka, su shida, Yohanna ya koma aikin faci a bakin titi. Matarsa shekara guda ba ta amsa gaisuwata ba, shi kuma kullum sai ta tuna masa cewa ya zubar da ciki da falo saboda bugun wasa. Bai daina zuwa nan ba. Ɗalibai kuma suka fara dawowa ta inda ban zata ba: dattawa masu tumbi, da mata 'yan kasuwa, da iyayen da ke leƙowa su tambaya, "Nan ne wurin da ake saki?" In na ce nan ne, sai su turo 'ya'yansu ciki. Can wurin mai allon kuwa ban san yadda aka ƙare ba, na dai wuce na ga an mayar da shagon wurin aski.

Shekara shida na riƙe maganar a cikina, kullum na ga mutumin nan sai ta taso mini. Sai daminar da ta wuce, muna zaune a nan ni da shi, mun farke buhuna mun shanya dusa muna ɗinkewa, na ce, "Yohanna, ranar nan a Diko. Na biyu da na uku da gaske na buga. Da ka kai ashirin, da gawata za ku naɗe a tamfol ɗin."

Ya tsayar da basilla. Ina jiran ya zage ni, kuma da ya zaga da na ce ya yi daidai.

Sai ya ce, "Ashe ba a banza muka kwashe kaya ba."

Ya miƙe ya karkaɗe dusa daga wandonsa. Na ce, "Ina zuwa? Ba mu gama ba."

Ya ce, "Zan je in gaya wa Maman Rahila. Ka taso mu tafi tare, Masta, ni ba za ta yarda da ni ba."

Na bi shi. Abin da ta gaya mini ranar ba na kunnen yara ba ne, kuma a tsaye na sha shi. Bayan ta gama ta share hawaye da gefen zane, ta zubo mini abinci, da nama biyu a kai.

To kun ji. Tashi sama babu, sati biyu babu. Wanda zai tafi, ga takalminsa can. Wanda zai tsaya, wata uku zai yi yana faɗuwa, ku gode Allah na fi Saje tausayi, kuma ku gaya wa iyayenku mata tun yau kada a fara karɓo muku rubutu. Amma ranar farko abu ɗaya ake koya. Yawwa, ga shi nan ma ya iso, wancan mai sunkuyawa a ƙofa, da baƙin taya a hannunsa. Yohanna, wanke hannu ka zo, mun yi baƙi. Kai mai jar riga, taso ka zauna nan ka ba shi wuyanka. Haba, kada ka ja da baya mana. Da ka ji ya isa, ka buga sau biyu. Zai saki.